Amsoshin da Ban Tsaya Na Ji Ba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwa mai tarin yawa, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta riske ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, Ya dafa maka a wurin aiki, Ya ci gaba da haɗa ka da mutanen kirki a inda kake. Yaya ciwon bayan nan da ka ce yawan tsayuwa ta jawo maka? Ina fatan ka je an duba ka, don na san halinka, sai ciwo ya kwantar da kai kake yarda ciwo ne. Mu nan duk muna lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zagaya gida ba sanda, sai dai likita ya hana ta gishiri, ita kuma ta ɗauki abin a matsayin ƙiyayya ce kawai yake yi mata. 'Yan biyunka sun shiga makaranta. Macen tana tafiya da murna, namijin kuwa kullum sai an lallaɓa shi kamar mai zuwa wurin allura. Maigidana ya samu canjin wurin aiki zuwa kusa da gida, yanzu da ƙafa yake tafiya, har tumbinsa ya fara ja da baya.

Za ka yi mamakin ganin doguwar wasiƙa alhali muna waya kusan kowane mako. Dalili shi ne, abin da na faɗa a rubuce, a rubuce ya kamata in janye shi. Wata uku da suka wuce na rubuto maka cewa ka cire rai da zaman matarka jarrabawar harshe ta bana. Na ce maka wata takwas ke nan Maman 'yan biyu tana ajina, ban taɓa jin jimla ɗaya cikakkiya ta fito daga bakinta ba. Na ce rubutunta ba laifi, amma jarrabawar baka ita ce ƙashin bayan abin, kuma mai shirun da ya kai nata ba za ta haye ba. Da hannuna na cire sunanta daga jerin ɗaliban da cibiyarmu ta koyar da harshe za ta tura. Mu duka mun san abin da hakan ke nufi: ba takardar shaida, ba biza, sai kuma baɗi, ita da yara a nan, kai a can, bayan shekara uku da rabi da kuka riga kuka yi a rabe. Ranar da ka karanta ka kira ni, ka ce ni ce malama, ni na sani. To Auta, ashe ban sani ba.

Bari in ɗauko maka labarin daga tushe. Shekara goma sha tara ina koyar da harshen mutanen ƙasar da kake, ban taɓa halartar taron ƙara wa juna sani na malaman harsunan waje ba. A ganina yawon shan shayi ne, a ba ka jaka mai tambari da biro, ka dawo kana ɗaga hanci. Malam Dogo, wanda tebur ɗinsa ke kusa da nawa a ofis, shi ya ga sanarwa ya cika mini fom ba da sanina ba, sai da aka ɗauke ni ya zo yana sosa ƙeya. Ƙungiyar malaman ce ta ɗauki nauyin tafiya da masauki na kwana biyar. Sharaɗi ɗaya suka gindaya wa masu shiga ƙaramar bita: kowa ya zo da bidiyon darasinsa na minti arba'in, da yardar ɗalibansa, kuma a kafa kyamarar a jikin allo tana kallon aji, ba tana kallon malami ba. Na nemi izinin ɗalibaina, manya ne duka su goma sha shida, kowa ya sa hannu har da matarka. Na zaɓi darasin da na fi ji da shi. Ranar ɗauka har sabon mayafi na yafa, na manta ba ni za a gani ba.

Auta, da na shiga zauren taron sai na tsaya cak a bakin ƙofa, har wata mata ta taɓa kafaɗata don in ba ta hanya. Malamai sun fi ɗari takwas, kujeru hawa-hawa har kusa da rufi, kowa da kati rataye a wuya an rubuta harshen da yake koyarwa. Na karanta sunayen harsunan da ban taɓa sanin akwai su a duniya ba. A bayan zauren akwai wasu ƙananan ɗakuna na gilashi a jere, kowanne da tafinta biyu a ciki. Mai jawabi yana magana a gaba, kai kuma ka sa abin ji a kunne ka murza lamba, sai ka ji maganar tana zubo maka da harshen da ka zaɓa, kusan tare da fitarta daga bakinsa. Rabin jawabin farko ban ji shi ba, na juya baya ina kallon wata tafinta. Idonta a rufe, hannunta yana yawo a iska, kunnenta yana karɓar harshe ɗaya bakinta yana fitar da wani. Bayan kamar rabin awa ta ɗaga yatsa, abokin zamanta ya karɓe a tsakiyar jimla ba tare da kalma ɗaya ta faɗi ƙasa ba, ita kuma ta kwantar da kai a kan tebur kamar wadda ta sauke buhu. Na ce a raina, Allah mai iko, wannan naman da ke cikin bakinmu ashe haka yake da aiki.

A farfajiya kuwa tebura ne reras, kowanne da abin da yake tallatawa: kwas na mako shida lokacin hutu, musayar malamai tsakanin makarantu, tallafin ƙaro karatu, ƙungiyoyin da ke haɗuwa ta waya duk wata su duba darasin juna. Na tara takardu har jakata ta ƙi rufuwa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne duk waɗannan ƙofofi a buɗe suke tun ina sabuwar malama, ni ce na zauna ina jin na gama sani. Na zauna cin abinci da wani dattijo mai shekara saba'in da ya ce bana ya fara koyon sabon harshe, don kada ya manta yadda tsoron buɗe baki yake. Na yi dariya a lokacin, na ɗauka raha yake yi.

A rana ta uku aka shiga bitar da na zo dominta. Mu goma sha biyu ne a wani ɗaki mai dogon tebur da majigi a bango. Mai jagorantar mu wata tsohuwa ce 'yar firit, furfura fal kanta, muryarta ƙasa-ƙasa sai ka miƙa wuya kafin ka ji. A wuyanta akwai agogo irin na masu horar da 'yan tsere, shi ya sa kowa a taron yake kiranta Mai Agogo. An ce shekara arba'in tana wannan aiki, kuma malaman da suka ratsa hannunta sun fi a ƙirga. Da ta tambayi wanda zai fara, ka san yayarka, hannuna ya riga na kowa tashi. Aka kunna bidiyona. Muryata ta cika ɗakin, tana tashi tana sauka, ga misalai, ga barkwanci, ɗalibai suna dariya. Na gyara zama ina satar kallon fuskokin mutane. Ita kuwa tsohuwar ba ta dubi kowa ba, sai danna agogonta take yi tana 'yan rubuce-rubuce a wata ƙaramar takarda.

Da aka gama ta yaba mini. Ta ce harshena tsaf yake, kuma a bayyane yake ɗalibaina suna ƙaunata. Sannan ta karanto abin da ta rubuta, ba tare da ta canza murya ba. A cikin minti arba'in, ni na yi magana na minti talatin da uku. Na yi tambaya hamsin da takwas. Mafi tsawon jiran da na yi bayan tambaya daƙiƙa biyu ne. Tambaya talatin da ɗaya ni na amsa wa kaina, sauran kuma mutum uku ne suka raba su, masu zama a gaba. Na buɗe baki zan kare kaina, in ce lokaci ne ba ya isa kuma manhaja tana da yawa, sai ta ɗaga hannu a hankali ta ce in dakata, ba a gama kallo ba. Ta ce za a sake kunnawa, amma a wannan karon za a kashe sautin gaba ɗaya, kuma kada kowa ya kalli komai sai bakunan ɗalibai.

Ban taɓa ganin ajina shiru ba sai ranar. Fuskoki goma sha shida, ba muryata a kansu. Ba a yi minti biyar ba wata malama ta nuna allon ta ce a duba matar da ke layi na uku kusa da taga, mai mayafi ruwan toka. Aka tsayar, aka matso da hoton, fuskar matarka ta cika bango. Mai Agogo tana da lokacin kowace tambaya a takardarta, don haka duk inda na yi tambaya sai ta ƙwanƙwasa tebur da biro, mu kuma mu zuba ido. Ƙwas. Ɗaya, biyu, idon matarka ya tafi sama tana nema. Uku, huɗu, duk ajin sun riga sun sunkuya suna rubuta amsar da na ba su. Biyar, shida, sai leɓɓanta su fara motsi. Ba sauti, ba ɗaga hannu, kanta a ɗan sunkuye, tana faɗin wani abu har ta kai ƙarshensa, sannan ta ɗauki biro. Aka sake ƙwanƙwasawa, haka. Aka sake, haka. Kusan shekara guda tana zaune a gabana tana wannan, ni ina juya baya ina rubutu a allo.

Duk da haka zuciyata ba ta saduda ba. Na ce wa kaina ai motsa baki ba amsa ba ne, wataƙila maimaita abin da na faɗa take yi. A nan ne wani malami da ke ƙarshen tebur, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya nemi a mayar da hoton baya. Ya bayyana mana cewa shi harshen da nake koyarwa yake koyarwa, amma ga masu matsalar ji, kuma shi kansa da abin ji a kunnensa ya girma, don haka karanta leɓe ya zame masa jiki. Ya ce ba zai kama duka ba, amma zai gwada. Ya tashi ya je dab da bango, ya sa aka rage gudun hoton, ya fara faɗa da ƙarfi abin da bakin matarka yake faɗa a ɓoye. Auta, jimloli ne cikakku. Ba irin nawa ba ne, nata ne. Inda na tambayi yadda ake kwatanta hanyar zuwa asibiti, amsar da na bayar ta littafi ce, ita kuwa hanyar asibitin da take kai yara ta kwatanta, har da kwanar da ake sayar da taya. Ya karanto guda tara, ya ce biyu sun kuɓuce masa, ɗaya kuma akwai ɗan kuskure a ciki wanda ita da kanta ta koma ta gyara. Ni dai ina zaune, ga wani bawan Allah da bai taɓa ganinta ba, wanda kunnensa ma ba ya ji sosai, yana jiyar da ni muryar matar ƙanena.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na gaya musu ko wace ce, na gaya musu abin da na rubuto maka da sunan da na cire. Na zaci tsohuwar za ta yi mini faɗa, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Sai kawai ta ce ita ma shekara goma sha biyar ta yi tana haka kafin wani ya riƙe mata agogo. Ta ce mu malaman harshe tsoron shiru muke yi, muna ganin idan aji ya yi shiru mun gaza, alhali a lokacin ne ɗalibi yake ɗauko kalma daga harshensa, ya haye da ita zuwa wani, ya duba ko ta isa lafiya. Daga nan ta haɗa mu bibbiyu, ta ce kowa ya yi wa ɗan'uwansa tambaya ya rufe baki daƙiƙa goma. Kada ka yi dariya, sau uku ina gwadawa ina faɗuwa a daƙiƙa ta huɗu. Sai da ta ba ni shawarar in riƙa danne babban yatsana a cikin tafin hannu ina ƙirgawa a zuci.

Na dawo gida ranar Litinin, rajistar jarrabawa kuma Alhamis za a rufe. Talata da safe ko jakata ban kwance ba na wuce ofishin shugaban cibiyarmu na ce a mayar da sunanta. Ya cire tabarau ya dube ni, ya tuna mini cewa ni na kawo masa rahoto shafi biyu a kan dalilin cire ta. Ya ce cibiya ba ta tura wanda ba ta da tabbas a kansa, kuma kasancewarta matar ƙanena ya sa dole ya ƙara taka-tsantsan, kada a ce son kai ne. Gaskiyarsa ce, ban yi musu ba. Ya ce zai zo ajina ranar Laraba ya zauna a baya. Idan ya ji da kunnensa, zai sa hannu, idan bai ji ba, maganar ta mutu sai baɗi. Na yi niyyar in je in gaya mata ta shirya, har na kama hanyar gidanku, sai na juyo. Na san idan ta ji shugaba zai zo dominta, tsoro zai ƙulle mata baki gaba ɗaya.

Ranar Laraba da ƙarfe huɗu na yamma aji ya cika, shugaba ya ja kujera ya zauna kusa da ƙofa da fayil a cinyarsa. Na fara da gaya wa masu zama a gaba cewa yau ba mai amsawa sai wanda na kira, suka dube ni kamar na canza fuska. Na yi wa mutum biyu tambaya don hanya ta buɗe. Sannan na kira sunanta, na yi mata irin tambayar da masu jarrabawa suke yi, wato ta ba ni labarin iyalinta. Na danne yatsana. Ɗaya, biyu, uku. Fanka tana juyawa, wani ya yi tari. Biyar, shida, amsar tana cin harshena, na cije shi. Wata ta gaba ta juya za ta taimaka mata, na harare ta. Takwas, tara. Na ga shugaba ya duba agogonsa ya buɗe fayil. Goma ta cika ba ta ce komai ba, na ce shi ke nan na kashe ta da hannuna a gaban mutane. Ban san abin da ya riƙe ni ba, na dai ƙara ɗaya. A ta goma sha ɗaya ta ɗago kai ta fara magana.

Kusan minti biyu ta yi ba ta tsaya ba. Muryar tana rawa da farko, daga baya ta zauna. Ta yi kuskure biyu ko uku, ban gyara ko ɗaya ba. Ajin nan kowa ya juya yana kallonta baki buɗe, domin wasunsu ba su taɓa jin muryarta ba sai a gaisuwa. Shugaba bai jira an tashi ba, ya sa hannu a fom ɗin a kan cinyarsa, ya ajiye mini a tebur ya fita. Bayan an watse na riƙe ta na nemi gafararta, na tambaye ta me ya hana ta gaya mini tun tuni cewa ina yi mata sauri. Ta sunkuyar da kai ta ce ni malamarta ce kuma yayar mijinta, ta ina za ta fara ce mini in yi shiru. Ta ce kullum idan ta gama haɗa amsar sai ta tarar an wuce, shi ya sa take faɗa wa kanta don kada ta tashi a banza. Ranar Alhamis da safe muka je tare aka yi rajista. Za ta zauna jarrabawar ranar sha huɗu ga watan gobe. Ban ce maka ta ci ba, wannan yana hannun Allah, amma kullum da yamma muna zama ni da ita, ina tambaya ina danne yatsa.

Kai ma ka yafe mini, Auta. Wata uku na ɗora maka baƙin cikin da ba shi da tushe, kuma saura kwana uku in ci muku shekara guda. Waccan wasiƙar ka yaga ta. Idan kun yi waya ka riƙa jarraba ta da harshen, kuma idan ka yi tambaya ka haƙura ka jira, don kai ma gidanmu ɗaya, ba ka iya barin shiru ya huta.

Na bar abin da ta faɗa a ajin zuwa ƙarshe, domin ko da yake ni na yi tambayar, naka ne. Ta ce tana da miji da yara biyu. Ta ce yaran sun san muryar babansu, sun san fuskarsa a waya, amma ba su san tsawonsa ba. Kullum sai sun ja ta zuwa ƙofar ɗaki sun ce ta nuna musu inda kansa yake kaiwa, ita kuma sai ta ɗora hannu a jikin katakon ta ce nan. Ta ce tana koyon wannan harshe ne saboda kwanakin baya ta ɗaga hannun za ta nuna musu, sai ta tsaya, ta rasa ko nan ne ko sama kaɗan.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Maigidana da yara suna gaisuwa, haka Gwaggo da Kawu Babba da Yaya Ƙarami da iyalinsa. Malam Dogo ya ce lallai in saka sunansa. Ka gaishe mini da abokin zamanka da duk wanda yake kyautata maka a can. Matarka ba ta san na rubuto maka wannan ba. Allah Ya ba ta sa'a, Ya tsayar da kai a bakin ƙofa ɗaya da 'ya'yanka.

Taka har kullum,
Yayarka